Yadda Muka Bi Sawun Enzayim ɗin PAL Har Zuwa Tsirran Farko na Tudu

Na rubuta wannan ne saboda ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke son gano asalin wani enzayim a cikin tsirrai amma ba su san ta inda za su kama ba. Wanda muka bi sawunsa shi ne PAL, enzayim ɗin da ke cire ammoniya daga amino asid mai suna fenilalanin ya mayar da shi sinamik asid. Daga wannan asid ne tsiro ke ƙera lignin mai ƙarfafa kara da jijiyoyin ruwa, da filabonoyid masu kare shi daga hasken UV. Shaidar da aka tono a duwatsu ta nuna cewa tsirrai sun riga sun hau tudu kimanin shekaru miliyan 470 da suka wuce, kuma kakanninsu gansakukar ruwan daɗi ce. Dabbobi ba su da PAL, yawancin gansakukar ruwa ma ba ta da shi, amma fungai da wasu bakteriya suna da shi. A 2009 aka wallafa wani bincike a mujallar Biology Direct da ya kawo ra'ayin cewa kakan tsirran tudu aron PAL ya yi daga bakteriyar ƙasa ko daga fungai. Mu so muka yi mu sake duba wannan da jinom ɗin da suka fito daga baya, wato cikakken jerin DNA na tsirrai daban-daban, sannan mu gwada enzayim ɗin da hannunmu.

Takardu muka fara da su, kuma su nake ba kowa shawarar ya fara da su, domin su suka fi komai cin lokaci. Duk wanda zai saka wani jin, wato yankin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, a cikin bakteriya sai ya sami amincewar kwamitin kula da lafiyar ayyukan halittu na makarantarsa. A Najeriya hukumar NBMA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke sa ido kan irin wannan aiki. Fom ɗin yana tambayar irin bakteriyar da za a yi amfani da ita, sunan filasmid (zoben DNA da ake ɗora jin a kansa), maganin da filasmid ɗin ke ba da juriyarsa, da yadda za a kashe shara kafin a zubar. Amsarmu ita ce E. coli nau'in BL21(DE3), pET-28a, kanamaisin, da tukunyar matsi a digiri 121 na tsawon minti 20. Kwamitin ba kullum yake zama ba, saboda haka a tambayi ranar zamansa na gaba kafin a cike komai. Takarda ta biyu ita ce yarjejeniyar karɓar tsiro mai rai. Mun nemi Marchantia polymorpha nau'in Tak-1, wanda asalinsa daga Kyoto ne a Japan kuma shi yawancin masu bincike ke aiki da shi. Wannan yarjejeniya ba ɗalibi ke sa mata hannu ba, ba ma malaminsa ba. Makaranta da makaranta ne ke ƙulla ta, don haka sai ta bi ta ofishin bincike da na lauya. Bayan ta sai izinin shigo da tsiro daga hukumar NAQS mai kula da killace kayan noma, wanda dole ya kasance a hannu kafin mai aikowa ya sa kaya a hanya, shi kuma ya haɗo da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasarsa. Watanni muka yi muna jiran waɗannan, kuma jiran yana da nauyi idan mutum yana kallon wa'adin karatunsa na tafiya. Wanda enzayim kawai yake son gwadawa bai buƙatar tsiron, tunda ana iya sayen jin ɗin a ƙere. Tsiron yana da amfani ne idan ana son tabbatar da cewa jin ɗin yana aiki a jikinsa. Kuma Marchantia tana son sanyi, wajen digiri 22, a kan rabin ƙarfin abincin Gamborg B5 da aga, sinadarin da ke daskarar da abincin, kashi 1 cikin 100. Idan babu akwatin raino mai wutar da ba ta yankewa, zafin bazararmu zai kashe ta.

Muna cikin jiran takardu muka shiga tattara jerin amino asid, wanda ba ya cin ko kwabo sai kuɗin data. Rumbun Phytozome yana buƙatar rajista, amma kyauta ce. Daga can da NCBI da MarpolBase muka sauke dukan furotin na kowane tsiro da muka zaɓa. Zaɓen shi ne rabin aikin. Daga tsirran da ba su da jijiyoyin ruwa muka ɗauki Physcomitrium patens, wanda jinom ɗinsa ya fito a 2008, da Marchantia ta 2017, da Anthoceros na 2020. Muka ƙara da Selaginella moellendorffii ta 2011, sai Arabidopsis, shinkafa, masara da dawa. Daga gansakukar ruwa muka ɗauki Klebsormidium nitens ta 2014, Chara braunii ta 2018, da Mesotaenium endlicherianum da Spirogloea muscicola na 2019. Waɗannan biyun na ƙarshe suna cikin ajin Zygnematophyceae, wanda shi ne mafi kusanci da tsirran tudu. A kula da sunaye, domin suna canzawa: Physcomitrium a tsofaffin rubuce-rubuce Physcomitrella ne, ita kuma Klebsormidium nitens an fara wallafa ta da sunan flaccidum. Wanda ya nemi suna ɗaya kawai zai rasa rabin bayanan.

Ba mu dogara da sunan da rumbun ya liƙa wa furotin ba. Yawancin sunayen nan kwamfuta ce ta raɗa su saboda kamanni, kuma kama da wane ba ta wane. Manhajar HMMER muka yi amfani da ita, da samfurin Pfam mai lamba PF00221, muka sa iyakar E, wato ma'aunin yiwuwar kamannin ya zo bisa dace kawai, a 1e-10. Wannan samfuri yana kamo PAL tare da 'yan uwansa, HAL mai aiki kan histidin da TAL mai aiki kan tayirosin. Kada a zubar da HAL, domin da shi za a kafa tushen bishiyar salsala daga baya. Daga kowane jin muka ajiye siga mafi tsawo guda ɗaya, muka cire guntayen da ba su kai amino asid 400 ba, tunda cikakken PAL na tsiro yana kai wajen 700. Sannan muka duba kowane jeri ko yana da alanin, serin da gilaisin a jere a tsakiyarsa. Waɗannan ukun ne ke naɗewa su zama MIO, wurin da ainihin aikin ke faruwa, kuma jerin da ya rasa su ba zai yi aikin PAL ba komai kamanninsa. Wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane rana: sunan kowane jeri ya zama gajere, babu sarari, babu waƙafi, babu baka, domin waɗannan alamomi suna rikita fayil ɗin bishiya. Asalin lambar kowane jeri da sigar jinom ɗin da ya fito a ajiye su a wani tebur daban.

Matakin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne tace gurɓata, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa. Don mu faɗaɗa samfuri mun ƙara da bayanan shirin 1KP, wanda a 2019 ya fitar da jerin RNA na nau'o'in tsirrai 1,124. Taska ce babba, amma da yawa daga cikin tsirran daga daji aka tsinko su, da fungai da bakteriyar da ke zaune a jikinsu. Tsirrai irin su Marchantia da danginta sun shahara da zama tare da fungai a cikin naman jikinsu. To ga matsalar: tambayar da muke yi ita ce ko PAL daga fungai ya zo, ga shi kuma fungai suna da nasu PAL, suna kuma cikin samfurin. Jeri ɗaya na fungai da ya shigo da sunan tsiro ya isa ya sa mutum ya yi shelar gano abin da babu shi. Mun ci karo da irin wannan. Wani jeri mai ɗauke da sunan tsiro ya je ya zauna tsakiyar fungai a bishiyar gwaji, kuma ba zan ɓoye ba, zuciya ta ɗan buga da murna kafin a bincika. Da muka mayar da shi BLAST, manhajar neman jeri masu kama da juna, a kan rumbun NCBI gaba ɗaya, duk na kusa da shi fungai ne, kuma babu irinsa a cikin jinom ɗin danginsa da aka raina a tsaftace. Muka cire shi. Ƙa'idar da muka bi daga nan ita ce, duk jerin da zai ɗauki nauyin wata babbar magana sai an same shi a cikin jinom, ba a RNA kaɗai ba, a kan dogon yanki wanda maƙwabtansa na dama da hagu jin ɗin tsiro ne. Idan yana da intron irin na tsiro, wato guntun DNA a tsakiyar jin da ba ya shiga furotin, hujja ta ƙaru. Haka kuma rashin ganin jin ba ya nufin babu shi. Kafin mu rubuta cewa wata gansakuka ba ta da PAL sai da muka bi DNA ɗin jinom ɗin kansa da tBLASTn, saboda manhajar da ke hasashen jin takan tsallake wasu.

Daidaita jeri bai ba mu wahala ba. MAFFT muka yi amfani da shi a tsarinsa na L-INS-i, wanda ya dace da jeri 'yan ɗaruruwa, sannan trimAl ya yanke wuraren da giɓi ya yi yawa. A buɗe sakamakon a duba da ido kafin a wuce. PAL na tsirrai da na fungai suna da wani ƙarin yanki kusa da ƙarshensu wanda na bakteriya irin su Anabaena ba su da shi, shi ya sa nasu ya tsaya a wajen amino asid 570. Giɓin da ke wurin na gaskiya ne, ba kuskuren manhaja ba.

Bishiyar salsala da IQ-TREE muka gina ta. Muka bar ModelFinder ya zaɓi samfurin sauyin amino asid, muka sa maimaici 1,000 na UFBoot da 1,000 na SH-aLRT, hanyoyi biyu na auna ƙarfin kowane reshe. Reshen da muka yarda da shi shi ne wanda ya kai 95 a na farko da 80 a na biyu. A kan kwamfutar cinya aikin yana iya kwana yana tafiya, amma manhajar tana ajiye inda ta tsaya, don haka idan wuta ta ɗauke sai a sake ba da umarnin nan dai, ta ci gaba daga wurin. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi yana iya ɗora aikin a dandalin Galaxy na Turai, kyauta. Haɗarin da ke nan shi ne dogayen rassa. Jerin da suka canza da sauri sukan jawo juna su zauna wuri ɗaya ko da ba dangi ba ne, kuma a tambayar da ta shafi shekaru miliyan ɗaruruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muka sake gina bishiyar da samfurin LG+C60, wanda ya fi jure wannan matsala, muka sake ginawa bayan cire jerin da suka fi tsawon reshe, muka ga ko siffar za ta tsaya.

Abin da ya tsaya shi ne PAL na dukan tsirran tudu reshe ɗaya ne, daga Marchantia har dawa, wato gado ne daga kaka ɗaya. Na kusa da wannan reshe su ne na fungai da na wasu bakteriya, HAL kuma yana can nesa. Wani abu da ya fito fili shi ne yawaitar kwafi ta faru ne daban-daban a kowane dangi. Arabidopsis tana da guda 4, Physcomitrium yana da nasa da yawa, amma nasa sun taru wuri ɗaya ne, ba su rarrabu cikin na Arabidopsis ba. Saboda haka PAL1 na wannan tsiro ba takwaran PAL1 na wancan ba ne, lambar suna ce kawai. Inda nake jan hankali shi ne wajen fassara. Bishiyar ta dace da ra'ayin aro, amma ita kaɗai ba ta nuna wanda ya ba wani ba, kuma tun 2017 aka ba da rahoton wani jin mai kama da PAL a Klebsormidium nitens. Wannan ya buɗe yiwuwar cewa enzayim ɗin ya shigo tun kafin hawa tudu, wasu dangin gansakuka kuma suka yar da shi. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya tabbatar da ranar aro da wanda ya bayar ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

Da izinin kwamiti ya fito sai muka koma ɗakin gwaji, kuma a nan kuɗi ke fita. Jin uku muka sa aka ƙera mana: ɗaya na Marchantia, PAL1 na Arabidopsis a matsayin ma'auni tunda an san halinsa sarai, da ɗaya na dawa. Muka ƙara da kwafin na Marchantia wanda aka canza serin ɗin MIO zuwa alanin, don ya zama mataccen enzayim. Kowane jin yana da harafin DNA wajen 2,100, kamfanoni kuma da dala suke caji bisa yawan haruffa, ga kuɗin jigila da na fito a kwastan, waɗanda ya kamata a sa su a kasafi tun farko. A nemi a daidaita kodon ɗin, wato haruffan DNA uku-uku masu nuna amino asid, da na E. coli, a tabbatar babu wurin yankan NdeI ko XhoI, enzayim ɗin da ke yanka DNA, a tsakiyar jin, kuma a ce a aiko shi a cikin pET-28a a bushe. Busasshen filasmid yana jure tafiya ba tare da ƙanƙara ba, abin da ke da muhimmanci idan kaya suka kwana a tashar jirgi.

Muka shigar da filasmid cikin BL21(DE3), muka raina a ruwan LB da kanamaisin mikirogiram 50 a kowace mililita, a digiri 37, har kaurin ruwan ya kai 0.6 a nanomita 600. A nan ne aka fi yin asara. Idan aka zuba IPTG, sinadarin da ke sa bakteriya ta fara ƙera furotin ɗin, aka bar shi a digiri 37, furotin ɗin yana fitowa da yawa amma a dunƙule, ya tafi ƙasan kwalba tare da tarkace, ba ya aiki. Dalili shi ne PAL sai ya naɗe daidai, guda huɗu sun haɗu, kafin MIO ya samu. Muka sanyaya ruwan zuwa digiri 18, muka sa IPTG milimola 0.2, muka bar shi ya kwana wajen awa 18. Fasa ƙwayoyin a kan ƙanƙara ake yi, da ɗan hutu tsakanin bugun na'urar sauti don kada zafi ya dafa furotin. Muka tace da ginshiƙin nikel mai kama furotin ɗin, wanki da imidazol milimola 20, fitarwa da 250. A kan jel ɗin SDS layin ya fito kusa da kilodalton 80, inda ake sa ransa. Kafin gwaji a cire imidazol da ginshiƙin cire gishiri, domin yana iya ɗaga karatun UV, a ajiye furotin da gilisarol kashi 10 cikin 100, a raba shi ƙananan kwalabe don kada a riƙa narkarwa ana sake daskarewa.

Gwajin kansa mai sauƙi ne idan kayan sun cika. Sinamik asid yana shan haske a nanomita 290, fenilalanin kuwa kusan ba ya sha a wurin, saboda haka hawan lamba a na'ura shi ne aikin enzayim. Kwalbar awo ta zama ta kwatz, domin ta roba ta yau da kullum tana shanye hasken UV ta ba da karatun banza. Muka yi amfani da bafa, wato ruwan da ke riƙe pH, ta Tris mai pH 8.5, a digiri 30, da fenilalanin daga mikiromola 10 zuwa milimola 2, muna karanta mintunan farko kawai inda layin yake miƙe. Sinamik asid da ya taru yana danne enzayim ɗin, shi ya sa dogon jira ke ba da lamba ƙasa da gaskiya. Ma'aunin mayar da karatu zuwa adadi mu muka haɗa shi da tsantsar sinamik asid a cikin bafar nan dai. Na Arabidopsis ya ba da Km, wato yawan fenilalanin da ke kai enzayim rabin gudunsa, ƙasa da mikiromola 100 kamar yadda aka sani, abin da ya nuna tsarinmu lafiya yake. Na Marchantia ya hau, mataccen kwafinsa bai motsa ba, ruwan bakteriyar da ke ɗauke da filasmid marar jin shi ma bai motsa ba. Sai a lokacin hankali ya kwanta, domin sai da waɗannan biyun suka yi shiru hawan na farko ya zama hujja. Muka tabbatar da abin da aka samar da HPLC, na'urar rarrabe sinadarai, a ginshiƙin C18, gefe da gefe da tsantsar sinadarin.

Na dawa ne ya nuna dalilin da ya sa ake gwada kowane enzayim da abinci fiye da ɗaya. Dangin ciyawa, wato dawa, gero, masara da shinkafa, suna da wani nau'in PAL da ke karɓar tayirosin ma, ya mayar da shi kumarik asid kai tsaye, wanda ake karantawa a nanomita 310. Bambancin yana rataye sosai a kan amino asid ɗaya a bakin wurin aiki: inda sauran tsirrai ke da fenilalanin, wannan yana da histidin. An nuna haka a TAL na bakteriyar Rhodobacter sphaeroides, inda canza histidin na 89 zuwa fenilalanin ya juya shi ya koma PAL. A ciyawar Brachypodium an gano cewa kusan rabin lignin ta wannan hanya ta tayirosin yake zuwa. Karan dawar da ake dannin gida da shi, wani kaso na ƙarfinsa daga nan yake. Wannan sabon abu ne da ya zo can baya a tarihin ciyawa, ba gadon tsirran farko ba, kuma na Marchantia bai nuna wani aikin kirki a kan tayirosin ba. Tayirosin ba ya narkewa sosai a ruwa, da kyar yake wuce milimola 2, don haka a fara narkar da shi a ɗan ruwan alkali kafin a tsarma, a kuma sake duba pH.

Abin da zan so a kiyaye wajen rubuta sakamako shi ne kada a haɗa samuwar PAL da samuwar lignin. Marchantia da Physcomitrium suna da PAL mai aiki amma ba su da lignin irin na itace. Wani bincike na 2017 ya kashe jin ɗin CYP98 a Physcomitrium, wanda aikinsa ke zuwa bayan na PAL a wannan hanya, sai fatar da ke rufe jikin tsiron ta lalace, girmansa ya tsaya. Wannan yana nuna cewa hanyar ta fara hidima ne wajen kare jiki daga bushewa da hasken rana, lignin ya biyo baya tare da tsirrai masu jijiyoyin ruwa. Ko a cikin lignin ɗin ma, Selaginella ta samar da nau'in siringil da wani enzayim nata daban, CYP788A1, ba da wanda tsirrai masu fure ke amfani da shi ba. Aiki iri ɗaya na iya fitowa daga asali biyu, asali ɗaya kuma na iya rabuwa zuwa ayyuka biyu, shi ya sa bishiya da gwajin kwalba kowanne ke buƙatar ɗan uwansa.

Wanda zai ci gaba zuwa enzayim na biyu a hanyar, C4H na dangin CYP73, ya sani tsarin E. coli da na bayyana ba zai wadatar ba. Shi a jikin tantani yake manne, kuma sai da abokin aiki mai miƙa masa lantarki daga NADPH. An fi raina shi a yis nau'in WAT11, wanda aka riga aka saka wa ridaktes na Arabidopsis, sannan a ware ƙananan tantanin da injin juyi mai kai ninkin nauyi 100,000. A tabbatar akwai wannan inji a kusa, a kuma sa yis ɗin a cikin fom ɗin kwamiti tun zaman farko, don kada a sake shiga layin jira.